Littafin da Gara Ta Cinye Ƙarshensa

Akwai wani littafi cikin kayana wanda ko mai ƙosai ba za ta karɓa ta naɗe wa yara ƙosai da shi ba. Bangonsa ya koɗe, takardunsa sun yi ja kamar an tofa musu ruwan goro, in ka buɗe shi kuma warin tsohon akwati ne zai fara gaishe ka. Babban aibinsa shi ne ba shi da ƙarshe. Gara ta shigo ta gindin akwatin katakon da yake ciki, ta cinye shafukan baya, ta bar ɗan abin da ya rage kamar bakin ƙwaryar da ɓera ya gaigaya. Duk da haka sau uku ina sauya gida, ina rabar da littattafan da suka fi shi kyau da tsada, shi kuwa yana biye da ni.

A zauren kawuna na tsince shi, a wani lungu bayan Sama Road a Sakkwato, wata shekara da na zo hutu daga Zariya ina ɗan sakandare. Kawu tsohon ɗan sanda ne. Ya shiga aikin ɗamara tun zamanin 'yan dokan En'e, yana ciki mulkin soja ya haɗe su da 'yan sandan tarayya, daga baya ya daɗe a sashen bincike, cikin waɗanda ake kira 'yan sandan ciki, masu yawo da farin kaya. Lokacin da nake magana ya riga ya ajiye aiki. Harkarsa ba ta wuce masallaci da rediyo da tabarmarsa ta ƙarƙashin dogon yaro ba, inda yakan zauna da la'asar yana kallon motoci suna wucewa.

Mu kuwa samarin wancan zamani ciwonmu ɗaya ne, littattafan James Hadley Chase. Mutum goma kan yi layi a kan kwafi ɗaya, a cusa shi cikin littafin lissafi ana karantawa malami yana gaban allo. Ba mu san cewa mutumin ɗan Ingila ne ba, haifaffen Landan a 1906, wanda ya rubuta littattafai wajen 90, akasarinsu a kan Amurka, ƙasar da bai taɓa zama cikinta ba. Mu dai a ba mu bindiga da mota da ɗan sanda mai taurin kai. Saboda haka da na ga wani ɗan littafi a akwatin Kawu da ya yi kama da irin waɗannan, ko izini ban tsaya nema ba.

Ashe ba na Chase ba ne. Na wani Ba'amurke ne, Mickey Spillane, sunansa I, the Jury, wanda aka fara bugawa a 1947. Sunan kansa ya gama faɗin abin da ke ciki, domin ma'anarsa ita ce mai maganar shi kaɗai ne masu yanke hukunci. Tauraron labarin, Mike Hammer, mai bincike ne mai zaman kansa a birnin New York, irin wanda ake biya ya bi diddigin magana. Yana da amini, Jack Williams, wanda ya rasa hannunsa ɗaya a Yaƙin Duniya na Biyu garin tare wa Hammer sukar da aka kawo masa. Bayan an dawo gida sai aka tsinci wannan amini a ɗakinsa an harbe shi a ciki, an bar shi yana jan jiki har rai ya yi halinsa. Hammer ya tsaya a kan gawar, a gaban abokinsa kyaftin ɗin 'yan sanda Pat Chambers, ya rantse cewa shi zai riga hukuma kai wa ga wanda ya yi wannan aiki, kuma a inda aka harbi amininsa nan zai harbe shi. Hujjarsa ita ce in an bi ta kotu, wani lauya mai kaifin baki zai wanke mai laifi ya fita yana dariya.

Wane yaro ne zai karanta wannan jininsa bai tafasa ba? Kwana biyu na yi ban san ɗanɗanon tuwo ba. Ina biye da Hammer gida gida, duk wanda ya shaƙe ni ma na shaƙe shi a zuciyata. A dare na biyu, fitilar ƙwai tana neman mutuwa, an zo daidai inda zai buɗe baki ya faɗi mai laifi, na juya shafi sai na ga rami. Na sake juyawa, wani ramin. Daga nan sai bango.

Da safe na fito ina cika ina batsewa. Kawu yana kan tabarma yana murɗa rediyo. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai kuma mi as same ka, kaka huci awa kububuwa?"

"Kawu, gara ta cinye ƙarshen littafin nan. Ban san wanda ya yi kisan ba."

"To kai wa kaka zato?"

Na ambaci wani attajiri a cikin labarin, tsohon mai safarar giya, wanda tun farko ban yarda da take-takensa ba. Na jero hujjojina ɗaya bayan ɗaya, ina jin kaina wani babban sufeto.

"Da an ba ka bindiga hwa?"

"Wallahi da na harbe shi, Kawu."

Ya kashe rediyon. Ya ce, "To ka gani, ɗana. Ka kashe mutum tun ba ka karya kumallo ba, kuma ba ka karanta ƙarshe ba. Gara ba ta ɓata wanga littahi ba, gyara shi tay yi. Shekara talatin ina aikin ga, ba a taɓa miƙo min shari'a da amsa rubuce ga bayanta ba."

A ranar ya ba ni labarin da ban taɓa jin ya ba wani ba. Yana da aboki da suka shiga aiki rana ɗaya, suka sha horo tare, suna cin abinci a kwano ɗaya. Aka tura su wani gari da ba sai na ambata ba. Wata rana abokin ya fita sintirin dare, da asuba aka same shi a bakin kwalbati an sare shi, an tafi da kekensa. Kwana tara bayan haka, ran kasuwar wani ƙauye, Kawu ya hango wani magidanci yana tura keken da buhun gero a kai. Bai yi shakka ba, domin shi da hannunsa ya ɗaure ƙararrawar keken da waya lokacin da ta karye. Ya damƙe mutumin, ya sa masa ankwa, ya kawo shi caji ofis.

Sufetonsu, dattijo ne, ya ce masa ya miƙa wa wani binciken, tunda mamacin kamar ɗan'uwansa ne. Kawu ya yi ta roƙo har aka bar masa. Mutumin nan tun a hanya yake rantsuwa cewa sayen keken ya yi a hannun wani baƙo, kuma dillali ne ya haɗa cinikin, ga sunan dillalin, ga unguwarsa. Kawu ya ce mini, "Kunnena ya ji, amma hannuna ya ƙi rubutawa." Maimakon ya hau keke ya je wurin dillali, tafiyar da ba ta fi awa ɗaya ba, sai ya ɗauko kulki. Kwana uku mutumin yana bayan kanta. A rana ta huɗu dillalin ya iso da mai unguwa da shaidu biyu da aka yi cinikin a gabansu. Aka saki mutumin da hannun dama wanda bai ƙara ɗaguwa ba. Baƙon da ya sayar da keken kuwa, ashe a zauren dillalin yake kwana har ranar da labarin kamun ya bazu. Ya naɗe tabarmarsa ya tsallaka iyaka, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Duk kaka Kawu yakan aika wa mutumin da hatsi, har mutuwa ta raba. Na tambaye shi ko ya yafe masa. Ya ce, "Ya yahe. Amma yahiya ba ta riƙa mishi kalme shi yi noma."

Ban fahimci nauyin wannan magana ba sai bayan shekaru, ina jami'a, da na samu cikakken kwafin littafin. Na buɗe shi ta baya kamar mayunwaci. Attajirin da na yanke wa hukuncin kisa ba shi ne ya yi ba. Wadda ta yi kisan mace ce, Charlotte Manning, likitar ƙwaƙwalwa, wadda Hammer ya kamu da sonta har yana shirin aurenta. Ya cika alkawarinsa, ya harbe ta a ciki. Amma abin da ya tsaya mini a rai wani ɗan abu ne da marubucin ya yi a shafin ƙarshe. Bayan ya harbe ta, Hammer ya waiwaya, sai ga bindiga a kan teburin da ke bayansa, wadda take miƙa hannu za ta ɗauka da sunan rungumarsa. Wato sai da ya yi harbi sannan hujjar harbin ta bayyana.

Wa ya ajiye bindigar nan a kan tebur? Spillane ne. Shi ya ajiye ta domin mai karatu ya rufe littafi da kwanciyar hankali, ya ce madalla, ba a zalunci kowa ba. Wannan shi ne sirrin duk wani littafin ramuwa. Akwai marubuci a zaune yana riƙe da hannun mai harbi, yana karkata bakin bindigar zuwa ga mai laifi na ainihi, yana kau da ita daga mai tura keke da buhun gero. A caji ofis ɗin Kawu babu wanda ya yi wannan aikin. Kulki ya sauka inda zuciya ta nuna, zuciya kuwa ba ta da ido.

Abin lura a nan shi ne, bincike da ramuwa ba sa zama inuwa ɗaya, ko da a ƙirjin mutum ɗaya suka sauka. Mai bincike jarinsa shakka. Dole ya yarda cewa mai yiwuwa ya yi kuskure, ya je ya ji ta bakin dillali, ya jira gari ya waye. Mai ramuwa kuwa shakka ce babbar abokiyar gabarsa, domin in ya tsaya tambaya wutar da ke tura shi za ta huce. Shi ya sa da zarar mai bincike ya zama mai jin ciwo, sai ya daina neman wanda ya yi laifi, ya koma neman wanda zai sauke wa fushi. Hasarar kuma biyu ce. Kwana ukun da Kawu ya ɓata a kan marar laifi, su ne kwana ukun da mai laifi ya samu ya tsere. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, amma ba su ce a jikin mai gayyar take sauka ba.

Marubutanmu na farko sun riga Spillane gane wannan. A 1933 Rupert East ya shirya gasar ƙaga labarai daga ofishin talifi na Zariya, yunƙurin da ya haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Na biyar ɗinsu shi ne Jiki Magayi, na John Tafida na Wusasa tare da East ɗin, kuma kacokan labarin ramuwa ne. Mai dukiya, Malam Shaihu, ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab. Abubakar ya bazama duniya neman asirin da zai rama. A kan wa asirin ya sauka? A kan Kyauta, ɗan da aka haifa a wannan aure, yaron da ko cikinsa ba a ɗauka ba lokacin da aka yi laifin. Ya lalace, ya zama ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa bai san shi ne ba. Ba'amurke ya sa harsashi ya sami mai laifi, Bahaushe ya nuna kibiya tana kauce wa wanda aka auna ta sami na gefe. Ko ba a faɗa ba, an san wanda ya fi kusa da abin da ido ke gani.

Tarihin ƙasar Sakkwato ma shaida ne. A watan Fabrairu na 1906 mutanen Satiru, wani gari kudu da birni, suka yi wa Turawan mulkin mallaka bore, suka kashe Turawa uku, har da mai riƙon muƙamin Razdan, da sojoji sama da 20. Cikin watan Maris aka turo runduna da bindigogi masu jigida. An ƙiyasta kimanin mutum 2,000 aka kashe, aka baje garin ya zama kufai. Babu wanda ya tsaya tantance wa ya ɗaga gatari, wa yake gona a ranar. Sunan abin hukunci, kayan da ya sa na hukuma ne, amma cikinsa ramuwa ce tsagwaronta.

Ba sai mun koma nesa haka ba. A watan Oktoba na 2021 'yan sa-kai suka faɗa wa kasuwar Mamande a ƙaramar hukumar Gwadabawa, suka kashe sama da mutum 10 bisa zargin suna da alaƙa da 'yan bindiga. Watan bai ƙare ba 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, aka rasa sama da mutum 40. A kasuwannin biyu duka, waɗanda aka kwasa zuwa maƙabarta mutane ne da suka fito neman abin sa wa a baki. A watan Maris na 2025 kuma, a Uromi ta jihar Edo, aka tare mafarauta 'yan Arewa suna kan hanyar komawa gida yin Sallah, aka ce masu satar mutane ne, aka hallaka 16 daga cikinsu. Duk wanda ya ɗaga sanda a waɗannan wurare, a ransa shi ne Hammer. Ya tabbata, bai da ko ɗigon shakka. Kuma babu ɗayansu da ya ga shafin ƙarshe.

Shari'ar da malamanmu suka gada ba ta raina zafin wanda aka kashe wa nasa ba. Ta ba magadan jini haƙƙi: ko ƙisasi, ko sulhu a kan diyya, ko afuwa. Sai dai ta raba mai haƙƙi da mai yanke hukunci, ta sa alƙali da shaidu a tsakani. A mazhabar Malikiyya, ko da wanda aka sara ya ambaci sunan wanda ya sare shi kafin ya cika, wannan kaɗai bai isa a zartar da kisa ba, sai magada sun yi rantsuwa hamsin. Ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa. Alƙali ba ya yanke hukunci da abin da shi kaɗai ya sani, kuma hadisi ya hana shi yin shari'a yana cikin fushi. Malam Abdullahi na Gwandu, a farkon shekarun jihadi, zama ya yi a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami domin a san yadda ake riƙe mulki da shari'a, alhali ƙurar yaƙi ba ta kwanta ba. Duk waɗannan shingaye an gina su ne saboda rana irin ta Kawu, ranar da mutumin kirki zai ga keken amininsa a hannun wani. Dattijon sufeton nan da ya ce a miƙa wa wani binciken, wannan hikimar yake bi. Kuskurensa shi ne da ya bari roƙo ya karya shi.

Amma kada mu yi wa masu son irin waɗannan littattafai rashin adalci. An ce littattafan Spillane sun sayu sama da kwafi miliyan 200 a duniya, kuma ba wauta ce ta sa mutane suka yi ta rububinsu ba. Wanda ya kai ƙara aka ce ya dawo gobe, gobe ta zama baɗi, wanda ya ga ɓarawon da ya kama da safe yana shan shayi a bakin titi da yamma, dole labarin Hammer ya yi masa daɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk fayil ɗin da ya kwana a kan tebur ƙura tana binne shi, duk shari'ar kisan da ta shekara goma ana ɗagawa, gayyata ce ga mutane su ɗauki doka a hannunsu. Don haka wa'azin haƙuri ga talaka kaɗai bai isa ba. Masu ɗamara da masu alƙalami su ma akwai nasu kason: a saurari mai ƙara, a bi sawu tun yana ɗanye, a yanke hukunci mai haƙƙi yana da rai.

Kawu ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Bara na bi ta Sama Road da la'asar, na karya na shiga lungun. An sare dogon yaron, an gina shago a wurin, wasu samari suna zaune a benci kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Ɗaya daga cikinsu yana nuna wa sauran hoton wani mutum da aka turo ta WhatsApp, an rubuta a ƙasa cewa mai kai wa 'yan bindiga rahoto ne, a yaɗa. Ba sunan wanda ya rubuta, ba shaida, ba kwanan wata. Ina tsaye suka fara turawa. Na tuna da wani ɗan sakandare da ya tsaya a daidai wurin nan da safe yana rantsuwa zai harbe mutum.

Yanzu ina da kwafi biyu na littafin, cikakke da wanda gara ta ci. In ɗana ya isa karatu, mai ramukan zan fara miƙa masa, in bar shi ya kwana da tambaya, domin haka duniya za ta riƙa miƙo masa labarai. Kai ma mai karatu, ranar da ka ji an yi ihun ɓarawo a kasuwa, ko aka turo maka hoton wani an ce ga mugu, ko aka taɓa naka har idonka ya rufe, kafin ka duƙa ka ɗauki dutse, kafin yatsanka ya danna turawa, ka tuna cewa abin da ke hannunka littafi ne da gara ta cinye ƙarshensa. Ka kai magana inda za a bincika, ka tsaya a kanta har a yi maka adalci. Hannun da ka karya bisa zato, ko mai shi ya yafe maka, ba zai sake yin noma ba.